Sallama Daga Waje: Yadda Ake Kafa VPN a Gida Mai Rauta Biyu

Gabatarwa

Kalmar VPN ta shiga bakin jama'a da dama a Nijeriya ne a watan Yunin shekarar 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da dandalin Twitter, dakatarwar da ba a janye ba sai ranar 13 ga watan Janairun 2022. A tsawon waɗannan watanni bakwai, matasa masu yawa sun ɗora wa wayoyinsu manhajojin da kan sa a ga kamar suna Ingila ko Amurka, alhali kuwa suna zaune a Kano ko Zariya. Tun daga nan aka ɗauka cewa amfanin VPN shi ne ɓad da sawu. Sai dai asalin abin da aka ƙirƙiro ta dominsa shi ne a ba wa wanda ya yi nisa damar shiga kwamfutocin ofishinsa ko na gidansa cikin sirri, tamkar yana zaune a ɗakin da suke.

A yau kowane malami ko ɗalibi mai sha'awar fasaha zai iya kafa irin wannan hanya a gidansu da kayan aiki masu sauƙin kuɗi. Amma da yawa daga masu gwadawa kan yi tuntuɓe a wuri guda: sun bi dukkan matakai daidai, komai na aiki a cikin gida, amma da zarar sun fita waje sai hanya ta ƙi buɗuwa. Galibi dalilin shi ne tsakanin kwamfutarsu da intanet akwai rauta biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Wannan maƙala za ta bayyana tushen matsalar, da yadda ake gane ta, da kuma hanyoyin warware ta ba tare da an bar gida a buɗe ga ɓarayi ba.

Mece ce VPN ta gida?

Duk bayanin da ke yawo a intanet, rubutu ne ko hoto ko murya, akan yayyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshe-ƙunshe, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa da na wanda aka aika wa. Aikin VPN shi ne ta ɗauki kowane ƙunshi, ta hargitsa abin da ke cikinsa ta hanyar lissafi yadda babu mai iya karantawa sai mai mabuɗi, sannan ta saka shi cikin wani sabon ƙunshi ta aika. Da haka sai a sami wani irin bututu tsakanin wayar matafiyi da gidansa. Duk wanda ke tsakani zai ga ana aika kaya, amma ba zai san abin da ke ciki ba.

A ɗauka akwai malamin da ya tara darussansa da sakamakon ɗalibansa a kwamfutar gida, sai aka tura shi taron ƙara wa juna ilmi a wani gari. Idan yana da VPN a gida, zai iya buɗe takardunsa daga masaukinsa, ya duba kyamarar tsaron gidansa, kuma ya yi amfani da intanet ɗin otal ba tare da fargabar masu leƙen asiri ba. Na'urar da ke zaune a gida tana jiran kiransa ita ake kira uwar garke. Tsohuwar kwamfuta za ta iya wannan aiki, haka ma ƙaramar kwamfutar nan mai suna Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a shekarar 2012, girmanta bai wuce tafin hannu ba, kuma ba ta shan wuta sosai.

Manhajojin yin wannan aiki sun sha sauye-sauye. Tsarin PPTP da kamfanin Microsoft ya yayata a shekarun 1990 ya tsufa, an kuma nuna a fili a shekarar 2012 cewa ana iya fasa tsaronsa, don haka bai kamata a yi amfani da shi ba ko da an gan shi a cikin rauta. A shekarar 2001 James Yonan ya fito da OpenVPN, wadda har yanzu ake amfani da ita. Daga baya Jason Donenfeld ya ƙirƙiro WireGuard, wadda aka shigar cikin zuciyar tsarin Linux a watan Maris na 2020. Ta yi suna ne saboda ƙanƙantarta, domin ainihin rubutunta bai wuce layi 4,000 da 'yan kai ba, abin da ya sauƙaƙa wa masana bincikar ta don gano kurakurai.

Ƙarancin adireshi, tushen matsalar

Kafin a fahimci abin da ke hana saƙo shiga gida, dole ne a koma shekarar 1981, lokacin da aka wallafa ƙa'idar adireshin intanet da ake kira IPv4. A wannan tsari kowane adireshi jerin lambobi huɗu ne, kowace daga 0 zuwa 255, misali 203.0.113.7. Idan aka lissafa, jimillar adireshin da za a iya samu ita ce 4,294,967,296. A wancan zamani, da kwamfutocin da ke haɗe da juna ba su wuce na wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike ba, wannan adadi ya yi kama da wanda ba zai taɓa ƙarewa ba. Amma yawan mutanen duniya ya haura biliyan 8 a shekarar 2022, kuma mutum ɗaya kan mallaki waya da kwamfuta da talabijin, duk suna neman adireshi. Hukumar IANA mai raba adireshi ga nahiyoyi ta raba na ƙarshen da ke hannunta ranar 3 ga watan Fabrairun 2011.

Masana sun hango wannan ƙaranci tun da wuri. A shekarar 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka wallafa bayanin wata dabara da ake kira NAT, wato fassara adireshi. A wannan shekara kuma aka keɓe wasu rukunai uku domin amfanin cikin gida: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Miliyoyin gidaje za su iya amfani da waɗannan lambobi a lokaci guda ba tare da rikici ba, domin ba sa fita waje. Gida gaba ɗayansa adireshi ɗaya tak yake da shi a idon duniya, kuma yana hannun rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba wa mutanen gida.

Ga yadda abin ke gudana. Idan waya ta nemi wani shafi, rauta kan cire adireshin wayar na cikin gida ta maye shi da nata na waje, sannan ta rubuta a kundinta cewa wane ne ya yi aiken, kuma ta wace mashiga ya fita. Mashiga lamba ce tsakanin 0 da 65,535 da ke bambanta aiki da aiki a na'ura ɗaya. Idan amsa ta dawo, sai rauta ta duba kundi ta miƙa wa mai ita. Amma idan saƙo ya zo daga waje ba tare da wani na ciki ya nema ba, rauta ba za ta sami sunan kowa a kundi ba, sai ta jefar da shi. To, kiran da matafiyi ke yi wa uwar garken gidansa irin wannan saƙo ne.

Zaure da shigifa

Tsarin gidan Bahaushe na gargajiya zai taimaka wajen fahimtar lamarin. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida kai tsaye. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ya aiki yaro ya ce ana sallama da wane. Rauta ita ce zauren. Idan gida zaure ɗaya gare shi, abin da ake bukata kawai shi ne a bar sallahu cewa duk wanda ya zo neman mashiga kaza, a kai shi ɗaki kaza. Wannan sallahu shi ake kira tura mashiga, kuma a mafi yawan rautoci akan sami wurin rubuta shi a sashen NAT na shafin saiti.

Amma babban gida yakan kasance da zaure a waje, sannan da shigifa a ciki, wadda sai an ratsa ta kafin a kai ga cikin gida. Haka abin yake idan kamfanin intanet ya kawo tasa na'urar, mai gida kuma ya sayo wata rauta mai ƙarfin watsawa ya jona a bayanta. Haka kuma yake a gidan haya ko rukunin gidajen malamai, inda rauta ɗaya ke ciyar da kowa, sannan kowane ya sa tasa a ɗakinsa. A nan kowace rauta tana fassara adireshi, kowace tana da kundinta. Masu fita ba sa jin komai, shi ya sa ake iya shekara ba a lura ba. Mai shigowa kuwa, ko an bar masa sallahu a shigifa, tun daga zaure za a mai da shi, domin zauren bai san da zamansa ba.

Yadda ake gane matsalar

Binciken ba shi da wuya. A buɗe shafin saitin rautar ciki, a duba adireshin da ke ɓangarenta na waje, wanda ake yi wa laƙabi da WAN. Idan ya fara da 192.168 ko 10, ko yana tsakanin 172.16 da 172.31, to lalle akwai wata rauta a gabanta. Daga nan sai a shiga rautar waje a duba nata adireshin, a kwatanta shi da wanda shafukan nuna adireshi ke bayarwa idan aka ziyarce su daga gidan. Idan biyun sun zo ɗaya, zaure biyu ne kawai, kuma duka suna hannun mai gida. Idan sun saɓa, akwai zaure na uku a hannun kamfani, wanda bayaninsa ke tafe.

Hanyoyi huɗu na warwarewa

Hanya ta farko, kuma mafi tsafta, ita ce a mai da na'urar kamfani gada. A wannan yanayi takan daina fassara adireshi, ta miƙa adireshin waje kai tsaye ga rautar ciki, sai gida ya koma mai zaure ɗaya. Wani lokaci wannan na bukatar sunan shiga da kalmar sirri daga kamfani, wasu kamfanonin ma kan kulle saitin, sai an tuntuɓe su.

Hanya ta biyu ita ce akasin ta farko: a bar na'urar kamfani ta ci gaba da aikinta, a mai da rautar ciki tashar watsa intanet kawai, ba ta fassara komai. Da haka dukkan na'urorin gida za su karɓi adireshi daga wuri guda, a kuma tura mashiga sau ɗaya.

Hanya ta uku ita ce a bar sallahu a wurare biyu. A ɗauka rautar waje ta ba wa ta ciki adireshin 192.168.1.20, ita kuma ta ciki ta ba wa uwar garke 192.168.50.10. Manhajar WireGuard ta saba amfani da mashiga 51820 ta nau'in UDP, OpenVPN kuwa 1194. Sai a umarci rautar waje ta tura duk abin da ya zo ta 51820 zuwa 192.168.1.20, a kuma umarci ta ciki ta tura shi zuwa 192.168.50.10. Abubuwa biyu kan lalata wannan shiri. Na farko, rauta kan sauya adireshin da take bai wa na'urori, musamman bayan ɗaukewar wuta, don haka wajibi ne a ɗaure waɗannan adireshi biyu su zama na dindindin. Na biyu, kada rautocin biyu su yi amfani da rukuni ɗaya, misali duka 192.168.1, domin saƙo zai rasa inda zai dosa. Yana da kyau ma a zaɓar wa gida rukunin da ba a cika amfani da shi ba, saboda idan na masaukin matafiyi ya yi daidai da na gidansa, wayarsa za ta riƙa neman kwamfutar gida a cikin otal.

Hanya ta huɗu ita ce amfani da saitin DMZ a rautar waje, wanda ke tura duk baƙon da bai ambaci kowa ba zuwa adireshi ɗaya. Idan za a yi haka, rautar ciki za a nuna masa, domin tana da katangar tsaronta. Nuna masa kwamfuta kai tsaye daidai yake da cire ƙyauren ɗaki.

Bayan wannan akwai sauran aiki guda. Kamfanoni kan sauya adireshin wajen gida lokaci zuwa lokaci, don haka matafiyi na bukatar suna tsayayye da zai riƙa kira. Hidimomi irin su DuckDNS da No-IP kan ba da suna, su riƙa sabunta adireshin da ke ƙarƙashinsa. A gida mai rauta biyu ya fi kyau a ɗora wannan aiki a kan rautar waje ko uwar garke, domin wasu rautocin ciki kan kai rahoton adireshinsu na cikin gida, wanda ba shi da amfani a waje. Sannan a lura, gwaji na gaskiya shi ne a kashe haɗin waya da rautar gida, a kira ta layin waya. Gwaji daga cikin gida kan yaudari mutum.

Idan zauren na kamfani ne

Mafi yawan masu amfani da intanet a Nijeriya da Nijar ta hanyar kamfanonin wayar salula suke samunsa, kuma rautocin gidaje da dama layin waya ake saka musu. Irin waɗannan kamfanoni, a ko'ina cikin duniya, sun saba tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. A shekarar 2012 aka keɓe masa rukunin da ke tsakanin 100.64 da 100.127, ko da yake wasu kamfanonin na amfani da rukunin 10. Hatta hidimar tauraron ɗan'adam ta Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, kan sa kwastomomin gida a bayan irin wannan tsari. A nan duk sallahun da mai gida zai bari ba zai yi tasiri ba, domin babban zauren ba nasa ba ne.

Duk da haka akwai mafita. Ta farko ita ce a nemi kamfani ya ba da adireshin waje na musamman, wanda galibi sai an ƙara kuɗi. Ta biyu ita ce sabon tsarin adireshi na IPv6, wanda aka fara wallafa ƙa'idarsa a shekarar 1995, manyan kamfanoni kuma suka ƙaddamar da shi gadan-gadan ranar 6 ga watan Yunin 2012. Yawan adireshinsa ya kai kimanin 340 da sifili 36 a bayanta, don haka kowace na'ura na iya samun nata ba tare da fassara ba. Sharaɗin shi ne ya kasance gida da inda matafiyi yake duka suna da shi, a kuma buɗe mashigar a katangar tsaron rauta.

Mafita ta uku ta ginu ne a kan ƙa'idar da aka ambata a baya, cewa zaure ba ya hana na ciki fita, kuma ba ya hana amsarsa dawowa. Sai a yi hayar ƙaramar kwamfuta mai adireshin waje a wata cibiyar ajiyar bayanai, uwar garken gida ta kira ta, matafiyi ma ya kira ta, su haɗu a can. Domin kada rauta ta goge sunanta daga kundi, uwar garke kan aika ɗan ƙaramin saƙo a kai a kai, galibi kowace daƙiƙa 25. Hidimomi irin su Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, da ZeroTier, sun ƙara wata hikimar: sukan sanar da ɓangarorin biyu adireshin juna, su sa su aika saƙo a lokaci guda, sai kowane zaure ya ɗauka saƙon da ya iso amsa ce ga wanda ya fita. Idan dabarar ta ƙi, sai su ratsa da saƙon ta kwamfutocinsu, yana nan a kulle. Sauƙin wannan hanya na tattare da dogaro ga wani kamfani, abin da ya kamata mai gida ya auna.

Tsaro

Masu iya magana na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Duk mashigar da aka buɗe ga intanet, manhajojin masu kutse da ke zagaye dare da rana za su ƙwanƙwasa ta. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ba da wata gagarumar dabara ba, illa gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu ke sakawa tun daga kanti. Ranar 21 ga watan Oktoban wannan shekara aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn hari, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka na tsawon sa'o'i.

A nan ne fa'idar VPN ta gida ke fitowa. Maimakon a buɗe wa kyamara mashiga, a buɗe wa ma'ajiyar takardu wata, sai a buɗe guda ɗaya tak mai ƙaƙƙarfan tsaro. WireGuard na aiki da tagwayen mabuɗai, dabarar da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana wa duniya a shekarar 1976. Kowace na'ura tana da mabuɗin fili, wanda ya yi kama da buɗaɗɗen kwaɗon da za a iya bai wa kowa, da mabuɗin sirri wanda ba ya barin jikinta. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ba tare da sanannen mabuɗi ba, WireGuard ba ta amsa masa ko da kalma ɗaya, har ya zaci babu kowa a wurin. Abin da ya rage ga mai gida shi ne ya sauya kalmar sirrin rautocin biyu, ya riƙa sabunta manhajojinsu, ya kashe damar sarrafa rauta daga waje, ya ba kowace waya mabuɗinta daban, domin idan ɗaya ta ɓata a soke nata kaɗai. Idan kuwa rautar waje ta makaranta ce ko ta mai gidan haya, ba a taɓa saitinta sai da izini.

Kammalawa

Akwai iyakoki biyu da ya kamata a sani tun kafin a fara. Saurin VPN ta gida ba zai wuce saurin da gidan ke iya aika bayani waje ba, wanda a mafi yawan layuka bai kai na saukewa ba. Sannan rautocin biyu da uwar garke dole su kasance a kunne, don haka inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ƙaramin batir ko faifan hasken rana na cikin kayan aiki. Ga ɗalibai, wannan aiki darasi ne da za a iya gudanarwa a ɗakin kwamfutar makaranta da tsofaffin rautoci biyu da waya ɗaya, ko da babu intanet: a jona waya a rautar waje, a sa uwar garke a bayan ta ciki, a ga yadda kira ke faɗuwa, sannan a tura mashiga a ga ya shige. Ɗalibin da ya bi ƙunshi ɗaya da idon basira daga zaure zuwa shigifa har cikin ɗaki ya riga ya kama babban sashe na yadda intanet ke aiki, kuma duk ranar da hanya ta toshe masa, zai fara da ƙirga zaurukan da ke gabansa da tantance mai riƙe da mabuɗin kowanne.